Tsakanin Tsagar Gado Da Tatu: Wace Alama Ce Tamu A Kurmi?

   

Yau ina so ne in taɓo wata magana da ta fara yawa a tsakanin samarinmu na nan Legas, musamman waɗanda suka shiga harkar fasaha, wato masu waƙa, da masu haɗa kiɗa a situdiyo, da masu ɗaukar hoto da bidiyo, da teloli masu fito da sabon yayi, da masu zane a kwamfuta, da 'yan barkwancin TikTok. Maganar kuwa ita ce ta zanen jiki na dindindin da ake yi da allura da tawada, wanda ake kira tatu. A da, abu ne da muke hangowa a jikin 'yan ƙwallon Turai da mawaƙan Amurka. Daga baya muka riƙa ganin sa a jikin su Wizkid da Davido da Burna Boy. To yanzu ya shigo gida. Daga Mile 12 zuwa Agege, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, za ka samu yaro ɗan Bahaushe, sunansa Sani ko Nura, ya zana sunan mahaifiyarsa a dantse, ko dagin Arewa a kafaɗa, yana rufewa da doguwar riga in zai shiga gida. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce maka shi mai fasaha ne, kuma wannan zanen shi ne ke nuna ko shi wane ne.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. Ni ban goyi bayan tatu ba, kuma ba zan ba wani ƙanina shawarar ya yi ba. To amma kuma ban yarda da yadda muke tunkarar yaran nan da zagi da tsinuwa ba, domin kuwa abin da suke nema abu ne na gaskiya, hanyar ce kawai suka ɓata. Mai karatu ya biyo ni a hankali, in ya so a ƙarshe ya yanke nasa hukuncin.

MU BA BAƘIN ZANE BA NE

Duk wanda ya zauna a rumfar 'yan gwari na awa ɗaya ya kalli fuskokin dattawan da ke sauke tumatir daga Kadawa da Ɗanja, ko albasa daga Aliero, zai ga cewa mu Hausawa mun daɗe muna rubutu a jikinmu. Kafin katin ɗan ƙasa, kafin fasfo, fuska ce takardar shaida. Ranar suna, bayan an yanka rago, wanzami zai kwance zabirarsa ya yi wa jariri aski, sannan ya ɗauko aska ya yi masa tsagar gidansu. Bagobiri ana gane shi daga nesa da tsagarsa mai tashi daga gefen baki, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Bakabe yana da tasa, Bazamfare da tasa, Bakatsine da tasa, Ba'are da tasa, haka Babarbare da dogayen layukansa irin waɗanda kowa ya gani a fuskar marigayi Janar Sani Abacha. Akwai kuma ƙananan tsage irin su bille, da shasshawa, da 'yar baka, da kalangu, da fashin goshi. A fadar Kano an san bayin sarki da tsagar uku-uku. Ke nan tsaga tana faɗin garinku, tana faɗin gidanku, wani lokaci ma tana faɗin matsayinka.

Ba don ado kawai aka yi ta ba. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, yaron da aka sace zai iya girma a wata ƙasa, ya manta harshen uwarsa, amma fuskarsa ba za ta manta ba. In Allah Ya haɗa shi da mutanen garinsu, da ita za su gane shi su fanshe shi. Akwai kuma tsagar magani, da wadda ake yi wa ɗan wabi, wato yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa, irin abin da maƙwabtanmu Yarbawa ke yi wa wanda suke kira abiku.

Su ma Yarbawan nan da muke zaune a ƙasarsu suna da tasu, suna kiran ta ila, kuma kowace da sunanta: pele, abaja, gombo, keke. Tsohon shugaban ƙasa Obasanjo yana ɗauke da ta mutanen Owu. Har ma akwai wasan taubasai tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa ɗan uwansa bawansa ne, kuma tsagar fuska ce kan fara tayar da wasan. Sau nawa ciniki ya yi zafi tsakanin wata Iya mai sari da wani dattijo, sai ta dubi kuncinsa ta ce masa Gogobiri, a fashe da dariya, a daidaita farashi? Wannan wani amfani ne na tsaga da ba a cika lura da shi ba.

Wani zai ce ai tsaga daban, tatu daban, tunda tsaga ba ta da tawada. To ina jarfa? Kakanninmu mata sun yi jarfa a goshi, da kumatu, da wuya, da ƙirji, da hannu. Wanzami ne ke tsattsaga fatar ƙanana-ƙanana, sannan a shafa baƙin tukunya ko garin gawayi, in ya warke sai zanen ya zauna baƙi ko shuɗi-shuɗi har mutuwa. Matan Fulani da dama ma haka suke yi a gefen baki da fuska. Ba a canza wa tuwo suna: jarfa tatu ce, bambancin kawai shi ne wancan aska ce da gawayi, wannan kuwa inji ne da tawadar kwalba. Shi kansa injin ba daɗewa ya yi ba, a 1891 wani Ba'amurke mai suna Samuel O'Reilly ya yi rajistarsa a birnin New York. Amma zanen jiki ya girmi injin da dubban shekaru, domin gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a kan duwatsun iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, an ƙirga zane 61 a jikinsa.

ME YA KASHE TSAGA?

Yau in ka duba 'yan ƙasa da shekara talatin a cikinmu, da wuya ka samu mai cikakkiyar tsagar gado, musamman waɗanda aka haifa a birni. Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe ta. Na farko wa'azi: malamai sun yi ta bayanin cewa canza halittar Allah ce ba tare da larura ba. Na biyu asibiti: haihuwa ta koma hannun ungozomar zamani, kuma mutane suka gane cewa aska ɗaya a kan jarirai goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Na uku makaranta da zaman birni, inda yaro mai tsaga ya zama abin tsokana, ana ce masa ya yi faɗa da damisa. Na huɗu doka: dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta hana a yi wa yaro tsaga ko tatu, kuma jihar Legas ta yi irin tata a 2007. Hukuncin da ke cikin ta tarayyar shi ne tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Kuɗin da yau ko babban kwandon tumatir ɗaya ba za su saya maka a nan kasuwa ba. Ke nan ba tsoron tara ne ya hana mutane ba, zukata ne suka sauya.

Ni ban yi baƙin cikin mutuwar tsaga ba. Jariri ɗan kwana bakwai ba a nemi shawararsa ba, kuma shi zai ɗauki abin har kabari. Amma fa mu sani, da tsaga ta tafi, ta bar gurbi. Tambayar da take amsawa tana nan daram: kai ɗan wane ne, daga ina kuma ka fito?

ABIN DA YARAN KE NEMA

A nan ne nake so iyayenmu su ɗan saurara. Wanda aka haifa a Kano ko Sakkwato ba ya bukatar ya tabbatar wa kowa cewa shi Bahaushe ne; iskar da yake shaƙa ma Hausa take ji. Amma mu da aka haifa a Kurmi, ko aka kawo mu muna ƙanana, halinmu daban ne. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro da shigowar jirgin ƙasa, akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Duk da haka in ka hau danfo, sunanka Aboki ko Mola. In sallah ta zo ka tafi gida Arewa, da ka buɗe baki sai a yi dariya a ce ga ɗan Ikko, Hausarsa ta karye, wasu ma su ce maka Bayarabe. A nan baƙo, a can baƙo. In ana rabon aiki a nan a ce ka koma jiharku, in ka je jihar taku a ce ba a san ka ba.

Kuma wannan baƙuncin ba wasa ba ne, yana da ranar da yake zama batun rai da mutuwa. Dattawa ba su manta da rikicin Shagamu na Yulin 1999 ba, da na Ketu da Mile 12 a Nuwamban wannan shekarar, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002. Mu kuma mun ga na Maris ɗin 2016, lokacin da rigima ta tashi a wajen Agiliti, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, har gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar. Mun kuma ji abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. A irin wannan rana ba wanda ke tambayar takardar haihuwarka. Rigarka, da harshenka, da fuskarka su ne ke magana a madadinka.

To yaron da ya tashi a cikin wannan hali, kuma Allah Ya ba shi basira, dole ne ya nemi abin da zai riƙe ya ce wannan nawa ne. Ya shiga situdiyo a Ikeja ko Surulere, ya tarar kowa jikinsa a zane, kuma ana kallon wanda ba shi da zane kamar baƙauye. Yana so a ɗauke shi a matsayin cikakken ɗan Legas, kuma ba ya so ya yar da Arewa. Sai ya ga kamar in ya zana dagi a kafaɗa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wallahi na fahimci wannan tunanin. Tsaga tana cewa ni na su wane ne, tatu kuma tana cewa ni ne wane. Yaron da ba wanda ya yarda ya ce nasa ne, ba abin mamaki ba ne in ya tashi da kansa ya ce to ni ne wane.

DALILAN DA SUKA SA NA CE A'A

Dalili na farko shi ne addini, kuma ba zan ɓoye shi a bayan wasu dalilai ba. Mu Musulmi ne. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi bin Mas'ud da Abdullahi bin Umar, Allah Ya yarda da su, cewa an la'anci mai yin irin wannan zane da wanda ya nemi a yi masa. A kan haka ne jamhurin malaman Sunna suka tafi a kan haramcinsa. Mai fasaha bai fita daga cikin wannan hukunci don yana da fasaha ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne masu zana rubutun Larabci, har da sunan Allah ko wani yanki na aya, suna ganin kamar sun Musuluntar da abin. Ya ɗan uwa, da wannan hannun fa za ka shiga ban-ɗaki.

Dalili na biyu: in dai asali ake nema, to kayan aro ba ya rufe katara. Je ka duba abin da akasari ake zanawa: kan zaki, kambun sarauta, furen Turawa, agogo, fukafukai, ko wata jimlar Turanci da aka kwaso daga Instagram. Yaro a Ketu, da yaro a Landan, da yaro a Birazil, duk zane ɗaya, daga hoto ɗaya. Ina asalin yake a nan? Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta bayyana a 2023 cewa kashi 32 cikin 100 na manyan mutanen ƙasar suna da tatu. Abin da kusan mutum ɗaya cikin uku ke da shi ai ya daina bambanta ka da kowa, ya zama yunifom. Kuma a cikin binciken, kashi 24 cikin 100 na masu zanen sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga ciki. Kwatanta wannan da mutanen Maori na ƙasar New Zealand, waɗanda zanen fuskarsu na gado ne, kowane layi yana da ma'anar dangi. Har wata 'yarsu, Nanaia Mahuta, ta zama ministar harkokin waje a 2020 da zanenta a haɓa. Su nasu suka raya. Mu kuwa mun binne namu, mun je muna aron na wasu, muna kiran sa asali.

Dalili na uku lafiya. Allurar tana huda fatar sama ne ta ajiye tawadar a fata ta biyu, shi ya sa wanka ba ya fitar da ita. Duk abin da ya huda fata kuwa ya taɓa jini. Cututtukan da muka guje wa a askar wanzami, su ne dai ke jiran mu a allurar da ba a tsabtace ba, kuma da yawan masu yin zanen nan na araha a lungu suke, ba mai duba su. A Tarayyar Turai sai da aka kafa dokar da ta fara aiki a 2022, aka taƙaita dubban sinadarai a cikin tawadar tatu. A nan wa ya san abin da ke cikin kwalbar? Ga kuma matsalar da ta fi shafar baƙar fata, wato tabon nan mai kumbura ya yi tudu, wanda in ya fito ba ya komawa da sauƙi. Cirewa kuma da hasken leza ake yi, zuwa bayan zuwa, kuɗinsa ya ninka na zanawa, kuma a fatarmu yakan bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. Da-na-sani ƙeya ce.

Dalili na huɗu shi ne rayuwa tana da tsawo. Waƙa ba ta karɓar kowa. Cikin yara da yawa da ke shiga situdiyo, kaɗan ne ke cin abinci da ita. Gobe in ka so shiga soja ko ɗan sanda, sharuɗɗan ɗaukar aiki sun hana mai tatu. In ka je neman aure a Katsina ko Gusau, akwai binciken da za a yi. In ka dawo rumfar mahaifinka, kasuwar nan tamu da amana take tafiya: manomi a Kura zai loda maka mota guda ta kaya ba takarda ba sa hannu, don kawai ya yarda da kai da gidanku. Ko mun so ko mun ƙi, irin waɗannan mutane suna karanta jiki kafin su saurari baki. Davido yana da abin da zai sa ko'ina a buɗe masa ƙofa. Kai fa?

LAIFI TUDU NE

Yanzu kuma bari in juyo kan namu ɓangaren, mu masu cewa a'a, da iyayenmu, cikin ladabi da neman afuwa. Akwai dattijon da na ji yana tsine wa wani yaro saboda ɗan zane a hannu, alhali shi kansa ya sa an yi wa 'ya'yansa mata bille don ado. Wanda aka yi wa tsaga yana jariri ba shi da laifin komai, wannan a fili yake. Amma wanda ya kira wanzami ya biya shi fa? In canza halitta ne dalilin hani, to hukuncin bai san zamani ba, bai kuma san ko aska ce ko inji ba. Yaran nan suna da ido, suna ganin wannan bambancin da muke yi, shi ya sa wa'azinmu ba ya shigar su. Haka kuma gidan da ake sayen man bilicin kwali-kwali ba shi da bakin yi wa wani faɗa a kan taɓa fatar da Allah Ya ba shi.

Abu na biyu, mu daina mayar da tatu shaidar laifi. Gaskiya ne wasu 'yan ƙungiyar asiri suna da alamominsu, amma ba duk mai zane ne ɗan daba ko ɓarawo ba. Mun ga inda irin wannan tunani ya kai ƙasar nan. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 shi ne ana tare su a hanya saboda tatu, ko kitson dada, ko waya mai tsada, har aka kai ga sanar da rushe rundunar a ranar 11 ga watan. Mu da ake yi wa kuɗin goro kullum, a ga mutum da rawani ko doguwar riga a ce masa ɗan Boko Haram, mu ne ya kamata mu fi kowa ƙyamar a hukunta mutum da kamanninsa. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa ɗan wani.

Abu na uku, wanda ya riga ya yi, kada a kore shi daga masallaci ko daga gida. Malamai da dama sun yi bayanin cewa tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta hana ruwan alwala taɓa jiki, kuma in cirewar za ta cutar da shi ko ba shi da halinta, tuba ta wadatar. Na san wani yaro mai basirar ɗaukar hoto da aka yi wa korar kare daga gidansu a kan wannan, yau yana kwana a wajen abokai a can tsibiri, kuma abin da ya koya a can ya fi tatu muni nesa ba kusa ba. An gudu daga yayyafi an faɗa mamako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

INA MAFITA?

Ga 'yan uwana masu fasaha, shawarata ita ce: ƙishirwar da kuke ji ta gaskiya ce, amma ga rijiya a tsakar gidanku. In zane kuke so, wa ya fi mu zane? Dubi aikin allura a wuyan babbar riga, aska biyu da aska takwas. Dubi hular zanna da kufta. Dubi zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da Damagaram. Dubi zayyanar da alarammomi ke yi a allo ranar sauka. Dubi rinin karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake. Dubi aikin dukawa a jikin fata. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, har yau masana gini na zuwa kallo. Falke Barmu, wani magini a ƙauyen Yama cikin jihar Tawa ta Nijar, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Waɗannan duk sun bar alama, kuma ba a jikinsu suka bar ta ba.

Ku dubi maƙwabtanmu ma. Laolu Senbanjo, ɗan Ilorin, lauya ne ya ajiye aikin ya koma zane. Zanen gargajiyar Yarbawa ya ɗauka yana yi da farin fenti a jikin mutane, fentin da ake wankewa, har aikinsa ya fito a faifan Beyonce na 2016. Nike Okundaye da rinin adire ta zaga duniya, ga katafaren gidan nuna zanenta nan a Lekki. Ba wanda ya tambaye su ko suna da tatu. Abin gidansu suka riƙe, duniya ta biyo su. 'Yan uwanmu mata masu ƙunshi ma sun nuna mana hanya: lalle halal ne, ado ne, yana fita bayan mako biyu ko uku, kuma yau amaren Yarbawa da na Ibo suna neman masu zanen lalle daga Agege da Idi-Araba suna biya. Sai dai a yi hattara da baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fatar wasu.

A waƙa ma haka ne. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma yau in aka buga kalangu, ko aka kaɗa ƙwarya, ko aka taɓa kuntigi, kafin a buɗe baki ka san ko wane ne. Wannan ita ce tsagar mai fasaha. Yaron da ya iya Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, ya san kukan kasuwa da asuba lokacin da motocin gwari ke shigowa, ya san zafin a kira shi Aboki da zafin a kira shi ɗan Ikko, yana da labarin da ba mawaƙin Kano ko na Lekki da zai iya ba da shi. Ya zuba wannan a cikin waƙarsa, da hotonsa, da ɗinkinsa. In ya yi haka, ba sai ya cire riga ba kafin a san ko shi wane ne.

Ga shugabanninmu kuma, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai, lokaci ya yi da za a san cewa ba duk ɗan Kurmi ne zai gaji rumfa ba. A jawo masu basirar nan a jiki, a ba su aikin ɗaukar hoton taro, da zanen allunan kasuwa, da ɗinkin sallah, a sa musu albarka a bainar jama'a. Yaron da aka ce masa kai namu ne ba zai je neman shaida a bakin allura ba.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Shi ne zanen da ba ya bukatar aska ko tawada, kuma shi ne wanda za a tambaye mu a kansa. Wannan shi ne ɗan abin da na gani. Wanda yake da wata fahimta, musamman malamanmu da su kansu masu fasahar, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya shirya mu da zuriyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai mu gida lafiya duk ranar da muka tashi komawa.